Motata tana mutuwa a kan hanya, in ta huta sai ta tashi: mai ne ko wuta?

"Assalamu alaikum oga. Ina da Honda Accord ƙirar 1999, wadda ake cewa Baby Boy, mai silinda huɗu. Kusan wata uku kenan tana min wani abu, ina cikin tafiya lafiya lau sai kawai ta mutu, wani lokaci a gosulo wani lokaci a babban titi tsakanin Zariya da Kaduna. In na yi ki sai ta yi ta juyi ba ta kamawa, amma in na bar ta minti goma ko sha biyar sai ta tashi kamar ba ita ba. Ta fi yi da rana, da safe ba ta taɓa yi min ba. An canza famfon mai sau biyu, an canza filogi, an wanke nozul, har yanzu ba ta daina ba. Kuma duk sanda na kai ta gareji ba ta yi. Yanzu bakanikena ya ce biren bos ne sai an sayo wani. Don Allah me ka gani?"

Wa alaikumus salam malam, sannu da ƙoƙari, Allah ya kawo ƙarshen wahalar. Na karanta saƙonka sau biyu kuma in na fahimce ka daidai, motar tana mutuwa ne bayan ta ɗau zafi, kik yana juya inji lafiya amma ba ta kamawa, in ta huce ta tashi, kuma an riga an zuba kuɗi a ɓangaren mai ba a ga canji ba. To kafin komai, don Allah kar ka sayi biren bos ɗin nan, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, tukuna. A shekarun da na yi ina wannan aiki biren bos yana cikin abubuwan da suka fi daɗewa ba su lalace ba, in ba ruwa ya shiga ba ko an juya kan batir ko rewaya ya haɗa wayar da ba ita ba, amma shi ake fara ɗora wa laifi in dabara ta ƙare saboda akwati ne rufaffe ba mai ganin cikinsa.

Irin wannan matsala mai zuwa ta tafi ita ce ta fi cin kuɗin mai mota, kuma dalilin ɗaya ne: ana gwada motar a lokacin da take lafiya. Ka kai ta gareji da safe inji da sanyi, a duba famfo yana kuka, a duba filogi akwai wuta, to me za a gani? Ba komai. Sai a koma canke, a canza wannan a canza wancan. Gaskiyar motarka tana cikin minti goma sha biyar ɗin nan da take kwance a bakin titi, kuma kai ne kake wurin ba bakanike ba. Shi yasa mafi yawan abin da zan faɗa maka abu ne da kai za ka lura da shi da kanka.

Hanyar mai daga tanki zuwa inji

Bara in ɗan shimfiɗa maka yadda abin yake don ka gane inda zancena ya dosa. Motarka injekta ce, famfon mai yana nutse cikin tanki, da wutar batir yake aiki. Yana zuƙo fetur ta wata 'yar raga da ke bakinsa, ya tura shi ta bututu zuwa gaba da ƙarfi kusan bar 3, wato wajen psi 40 zuwa 50, ya isa layin da nozul huɗu masu fesa mai cikin inji suke, akwai regileta da ke riƙe ƙarfin daidai ya mai da ragowar tanki. Nozul kuma ba sa buɗewa da kansu sai biren bos ya ba su umarni, shi kuma biren bos ba ya ba da umarni sai sensa ta gaya masa cewa inji yana juyawa. Famfon ma ba kai tsaye yake shan wuta ba, wutar tana bi ta makunnin ki, ta fiyus, ta rile, ta dogayen wayoyi har bayan mota, sannan ta koma ta wayar at da ke ɗaure a jikin bodi.

Kaga kenan in aka ce "mai ba ya zuwa" ba lallai famfo ne ya mutu ba. Famfo sabo fil in wuta ba ta isa gare shi ba, ƙarfe ne kawai a cikin tanki. Kuma wannan shi ne abin da ya tsaya min a rai a saƙonka, famfo biyu an sa kuma alamar ba ta canza ko kaɗan ba. Zai yiwu a yi rashin sa'a da famfo ɗaya, kasuwa cike take da masu rauni, amma famfo uku har da na asali duk su riƙa mutuwa iri ɗaya a lokaci ɗaya na rana, hankali bai cika ɗauka ba.

Yadda take mutuwa ma magana ce

Abu na farko da nake tambayar duk wanda ya zo min da wannan shi ne, ta yaya take mutuwa? Mota da mai ya yanke mata ba ta cika mutuwa farat ɗaya ba. Za ka ji ta fara sanyi, ka taka totur ba ta amsawa, ta yi jakin sau biyu uku, ta shaƙe kamar mai tari, wani lokaci in ka ɗaga ƙafa ta ɗan farfaɗo, sannan ta mutu. Saboda akwai sauran mai a bututu, ƙarfinsa a hankali yake sauka. Kuma ta fi yin haka a inda inji ke neman mai da yawa, hawan tudu, ko za ka wuce tirela, ko ka ɗauko kaya da mutane.

Wadda wuta ta ɗauke mata kuwa kamar an kashe ki ne, ɗif, ba gargaɗi. Kana kan tamanin sai kawai ka ji shiru. A nan ina so ka kai idonka kan dashbod a daidai wannan lokacin. In inji ya tsaya kuma ki yana nan a kunne, dole fitilar batir da ta man inji su kama ja. In suka kama, to wuta tana shigowa daga ki. In kuwa dashbod ya yi duhu gaba ɗaya, ba ja ba komai, ko fitilun suka yi ƙyaf-ƙyaf kafin ta mutu, to ka kama ɓarawonka, makunnin da ke bayan ki ne. Kuma wannan ba baƙon abu ba ne a irin motarka, kamfanin Honda da kansa ya kira motoci masu yawa a Amurka a 2002, ciki har da Accord na 1997 zuwa 1999, saboda ƙarafunan cikin makunnin suna cinyewa mota ta mutu ana cikin tafiya. Motocin da suka shigo mana ta Kwatano ba kowacce aka yi wa wancan gyara ba, wadda aka yi wa ma yau fiye da shekara ashirin kenan. Gwajinsa ba ya cin ko sisi: mota tana silo a tsaye, ka kama ki ka ɗan girgiza shi a hankali gaba da baya ba tare da ka kashe ba. In ta yi kamar za ta mutu ko ta mutu, shikenan. Kuma in kana cikin masu rataya tarin makullan gida da na shago a jikin ki ɗin mota, ka rage su.

Sai allurar da ke nuna juyin inji. In ka ga tana tsalle-tsalle haka kawai alhali ƙafarka ba ta motsa ba, ko ta faɗi ƙasa lokaci guda kafin motar ta tsaya, wannan ya fi nuna ɓangaren dilko, wato abin da ke raba wa filogi wuta.

Minti goma sha biyar ɗin nan

To ta mutu, ka gangara gefe, ka sa gargaɗi. Kar ka yi ta murza ki kana kashe batir. Kashe rediyo da fanka, ka rufe gilas in titin da hayaniya, ka mai da ki baya gaba ɗaya sannan ka kunna zuwa inda fitilu ke kamawa amma kar ka tayar. Ka kasa kunne. A mota mai lafiya za ka ji ƙas a ƙarƙashin dashbod ɓangaren direba, ka ji wani zuuu siriri daga baya na kamar daƙiƙa biyu, fitilar cek ta kama ta mutu, sai wani ƙas ɗin. Zuuu ɗin nan famfo ne yake cika layi. Ka saba da wannan sautin tun gobe da safe lokacin da motar take lafiya, ka ji shi sau biyar shida har kunnenka ya riƙe, don ranar da babu shi ka gane babu. In ba ka ji sosai daga gaba, ka sa wani ya kunna kai ka buɗe murfin tanki ka kai kunne.

Kuma lokacin da kake buɗe murfin nan ka lura. In ka ji iska ta zuƙu ciki da ƙarfi fuuu kamar an buɗe kwalbar lemo, kuma kana rufewa motar ta tashi nan take, to tankin ba ya numfashi. Mai yana fita iska ba ta shiga ta maye gurbinsa, famfo yana ja tanki yana riƙewa har ya gaza. Ɗan huci kaɗan ba komai ba ne, kowace mota tana yi da zafi, wanda nake nufi mai ƙarfi ne.

In babu kukan famfo, mun san inda za mu nufa. In akwai kukan kuma ba ta tashi, sai gwajin wuta. Ka riƙa yawo da filogi ɗaya a mota, cikin tsofaffin da aka cire maka ma ya isa. Ka zare wayar filogi ɗaya, ka sa wannan filogin a bakinta, ka kwantar da gindinsa a kan ƙarfen inji, ka janye hannunka, wani ya yi ki. Wuta shuɗiya mai ƙara tas-tas ake nema. In babu komai, ko ja ce mai rauni, to ba mai ba ne matsalarka ko da an canza famfo goma. Abu biyu dai, kar ka riƙe da hannu don tana fizga sosai, kuma kar a yi ta juya inji waya tana lilo ba ta taɓa ƙarfe ba, a irin waɗannan Hondar haka yana ƙona koyil, wato abin da ke ƙara wa wutar filogi ƙarfi. In kuma kana jin warin fetur a wurin, kar ka yi gwajin sam.

Wannan gwaji biyun, kunne da filogi, ba su kai minti uku ba, amma sun raba maka matsalar gida biyu, kuma bakanikenka zai fi samun abin kamawa da su fiye da ya wuni yana kallon mota mai lafiya.

In famfo ne ya yi shiru

A Honda na waɗannan shekaru akwai abin da muke cewa men rile, yana ƙarƙashin dashbod ɓangaren direba, shi ke ba famfo da biren bos wuta. A cikinsa akwai ɗan allo da aka like ƙafafu da dalma, shekaru suna tafiya zafi da sanyi suna sa dalmar ta tsage zagaye da ƙafar, tsagewa siririya kamar gashi sai ka kai ta haske ka juya kafin ka gani. Da safe ƙarfe a tsuke yake yana taɓawa, da rana cikin mota ya zama tanda sai ya buɗe. Wanda ya san zafin watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, sama da digiri 40 a inuwa, ya san abin da cikin mota rufaffiya yake zama. Alamar da ya fi yi ita ce ka faka a rana ka shiga kasuwa ka fito ta ƙi tashi, ka buɗe ƙofofi iska ta shiga minti goma ta tashi. Mutuwa ana cikin gudu bai cika yi ba amma na gani. In ta mutu ba kukan famfo, ka bar ki a kunne ka ɗan bubbuga wurin da bayan sukudireba ka sake gwadawa. Gyaransa ma mai gyaran rediyo zai yi maka, ya narke tsohuwar dalma ya sa sabuwa, na yi wa motoci da yawa haka sun yi shekaru ba su dawo da wannan ba.

Bayan rile sai waya. Nan ne nake ganin aikin da ke ɓata min rai, don kusan duk motar da aka canza wa famfo sau biyu, in ka buɗe za ka tarar an yanke soket an murɗa waya da hannu an naɗe da tef ko leda. Wata mota da aka kawo min, ita ma famfo na uku ke ciki, da na ɗaga murfin da ke kan tanki na zare soket ɗin, ƙafa ɗaya ta yi baƙi ƙirin robar gefenta ta narke ta yi kumburi, kana shinshinawa ka ji ƙauri. Da sanyi mita tana nuna bolt 12 da ɗoriya a wurin. Na mai da shi na bar motar tana aiki a rana kusan minti arba'in ina riƙe da mita, ina kallo yana sauka, 11, 10, ya kai wajen 9 sai kukan famfon ya canza ya zama kamar na ƙudan zuma da ya gaji, motar ta fara shaƙewa. Soket aka canza aka kankare wurin at ya yi fari, magana ta ƙare. Famfunan nan biyu da aka cire ba abin da ya same su. Don haka a auna wuta a bakin famfo, inji yana aiki kuma da zafi, bai kamata ta yi nisa da abin da ke kan batir ba, wanda in caji yana lafiya zai kasance wajen 13.5 zuwa 14.5.

In famfo yana kuka amma mai ba ƙarfi

Kuka ba shi ne aiki ba. Abin da mutanenmu ke yi na zare tiyo a ga mai yana fita a ce "famfo lafiya lau" ba gwaji ba ne, famfon da ya gaji ma zai zubo mai in ba abin da ya tare shi. Gejin auna ƙarfin mai ake sawa. Kuma ba a tsaye kaɗai ba, ni ina ɗaura gejin in fito da shi ta gefen bonet in manne a gilas, in hau titi da motar har ta yi abin nata. In allura ta fara zamewa ƙasa kafin inji ya shaƙe, mai ne. In allura tana nan daram inji ya mutu, a bar tanki ya huta a koma wuta. Garejin da ba shi da wannan geji bai kamata ya ce maka famfo ya mutu ba.

Wata tambaya, da aka canza famfon an leƙa cikin tankin kuwa? An canza ragar? Don sau da yawa famfo kawai ake zarewa a mai da tsohuwar raga a tanki mai datti. Akwai wani direban haya mai Golf 3 da ba na mantawa, motarsa sai ta yi tafiyar rabin awa ta mutu, ya jira ta tashi, fasinja suna ta faɗa. Da muka sauke tankin muka juye a baho, ban da jar ƙasa da tsatsa da suka kwanta kamar kunu, sai ga guntun farar leda kamar tafin hannu. Ashe ya taɓa yar da murfin tanki ya yi sati biyu yana toshewa da tsumma da leda. Ledar tana yawo a cikin mai, famfo yana ja a hankali har ta zo ta manne a raga ta rufe, mota ta mutu, ja ya tsaya, ledar ta saki ta koma yawo. Datti da tsatsa ma haka suke yi. Kaga wannan ma yana ba da "in ta huta sai ta tashi" ba tare da zafi ya shigo ciki ba, bambancin shi ne ba ruwansa da safe ko rana, kai kuma ka ce da safe ba ta yi.

Sai halin da muka shiga tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023. Ban ga laifin kowa ba, aljihu ne, amma motoci da yawa a kan jar fitilar ƙarewar mai suke rayuwa, lita uku lita biyar. Famfon cikin tanki fetur ɗin ne ke sanyaya shi, in kullum a ƙasa yake yana zafi yana zuƙar iska a kwana da gargada, ga dattin ƙasan tanki. Ka lura ko motarka ta fi mutuwa in mai ya yi ƙasa da kwata. In za ka iya, ka cika ta ko rabi ne ka yi kwana uku a haka don gwaji kawai, in ta daina to ka samu amsa.

Ingancin man ma abin dubawa ne. Kowa ya tuna Fabrairun 2022 da aka shigo da fetur mai methanol fiye da ƙima daga Beljiyam, NNPC ta amsa da bakinta, motoci da yawa suka kwanta. Ban da irin wannan, akwai man jarka na 'yan bumburutu, akwai gidan man da ruwa ke shiga tankinsa na ƙasa da damina. A tsiyayi man motarka a farar kwalba a ajiye minti kaɗan, ruwa ya fi fetur nauyi, za ka gan shi ya kwanta a ƙasa da layi a tsakaninsu.

Ɓangaren wuta, inda na fi zargi

In gwajin filogi ya nuna ba wuta, a buɗe dilko. A cikinsa akwai igniter, ɗan ƙaramin abu da ke yanka wa koyil wuta, kuma halinsa kenan in ya tsufa, ya yi zafi ya ɗauke ya huce ya dawo. Koyil ma yana yin haka, in ka duba jikinsa wani lokaci za ka ga tabon fari ko tsaga inda wuta ke tsallakewa. A duba ko man inji yana shiga cikin dilkon, a duba murfi da rota, in ka ga jar ƙura kamar tsatsa a ciki to boris ɗin sandar ne yake cinyewa. Sensar da ke karanta juyin inji ita ma tana mutuwa da zafi, kuma ita in ta ɗauke, wuta da nozul duka suke tsayawa tare. Akwai kuma wayoyin at na biren bos da ke ɗaure a jikin inji, in suka yi sako-sako ko suka yi tsatsa motar za ta yi duk abin da ake cewa "biren bos ne". A kwance a kankare a ɗaure, aikin minti biyar.

Motarka tana da soket na kwamfuta, duk motar da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996 tana da shi. A sa na'ura a karanta ko da fitilar cek ba ta kunne, kuma kar a cire kan batir kafin a karanta don yana goge abin da ta ajiye. Lambar P0335 tana nuna sensar juyin inji, P0171 tana nuna mai ya yi wa iska kaɗan. Amma in ba a ga komai ba kar ka ce an gama, rile da makunnin ki da famfo mai rauni sau da yawa ba sa barin lamba.

Mutuwar gosulo kuwa in da ita kaɗai ce, wato sai ka ɗaga ƙafa ko ka kunna AC ta mutu kuma ta tashi nan take, da na ce a wanke maƙogwaron totur da bawul ɗin silo, ƙurar hunturu tana cika su, a nemi tiyon iska da ya tsage. Amma wannan ba ya kashe mota a kan gudu kuma ba ya sa ta ƙi tashi na minti goma, don haka ba shi ne naka ba. Masu kafireta irin su tsohuwar 504 nasu daban ne, famfonsu a jikin inji yake da ƙarfi kaɗan, zafi yana tafasa fetur a bututu ya zama tururi, shi yasa za ka ga tsofaffin direbobi suna ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kan famfo. Na faɗi wannan ne don na san wani zai ba ka shawarar a cire injekta a sa kafireta kamar yadda ake yi wa Golf. Kar ka yarda, za ka ƙara shan mai ka lalata mota a kan abin da wataƙila bai wuce dalma ba.

Abin da zan yi da motar tana hannuna

Ban ga motar ba malam, ban ji kukanta ba, kuma ba ka faɗa min ko tana shaƙewa kafin ta mutu ko ɗif take yi ba, don haka ba zan rantse maka a kan abu ɗaya ba. Amma da abin da ka bayar, zafi, dawowa bayan hutu, famfo biyu ba canji, zuciyata ta fi karkata ga wuta: makunnin ki, igniter ko koyil, men rile, sai soket ɗin famfo. Da ni ne zan fara da girgiza ki, in ciro rile a sabunta dalmarsa tunda ba tsada, in duba soket da at, sannan in bar motar tana aiki a rana tsaka bonet a rufe da geji a jiki da filogin gwaji a hannu har ta mutu a gabana. Ka roƙi bakanikenka ya yi haka, ka kai masa ita da azahar ba da safe ba, ka biya shi kuɗin lokacinsa ko bai canza komai ba, ya fi maka arha a kan biren bos. In ya zama dole a gwada dilko, a ari na wata mota irin taka a ɗaura a yi kwana biyu kafin ka saya, kuma in za ka saya, a Panteka ne ko Ƙofar Ruwa, ka je da naka a hannu a haɗa lamba da soket, don ba duka ne suke shiga juna ba. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, a hau a gani, kuma duk abin da aka cire ka karɓi kayanka ka ajiye.

Kafin a gano ta, ina roƙonka ka rage hawa babban titin nan da ita, musamman da iyali ko da dare. In inji ya mutu ana gudu sitiyari yana yin nauyi, birki kuma taku ɗaya ko biyu ne masu laushi suka rage sai ya ƙanƙare, don haka kar ka yi ta famfa shi, ka taka sau ɗaya ka riƙe, kar ka mai da ki baya har sitiyari ya kulle, ka riƙa bin layin dama inda za ka samu wurin sauka. In ta sake yi, ka rubuto min abu uku: fitilun dashbod sun kama ko ba su kama ba, ka ji kukan famfo ko ba ka ji ba, filogi ya ba da wuta ko bai bayar ba. Da waɗannan in sha Allahu zan iya nuna maka wurin da za a sa hannu.